Da Wa Aka Kwatanta? Yadda Ake Tsara Binciken Lafiya, Daga Gubar Dalma a Zamfara Zuwa Rigakafin Maleriya a Kebbi

Duk lokacin da aka ce wani shirin lafiya ya rage cuta da kashi kaza cikin ɗari, ko aka ce abu kaza ne ke kashe yara a gari kaza, akwai tambayar da ya kamata ta riga kowace: da wa aka kwatanta? Adadin da aka faɗa ba shi da nauyi sai an san mutanen da aka ɗora a ɗaya gefen ma'aunin, da yadda aka zaɓo su. Bambancin da ke tsakanin tsare-tsaren binciken cututtuka kusan duk a nan yake. Jihar Zamfara kuwa ta ga yawancinsu a aikace, ɗaya bayan ɗaya, a kan masifa guda, wato gubar dalma ta 2010.

A watan Maris na shekarar, ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suna zagayen sa ido kan sanƙarau, sai suka ci karo da labarin mutuwar ƙananan yara da yawa a wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Amai, ciwon ciki, jijjiga, sai suma, sai rasuwa. An ba da maganin maleriya da na ƙwayoyin cuta, ba a ga sauƙi ba. Da aka lura ana daka dutsen zinare ana niƙa shi a cikin gidaje, sai aka ɗebi jinin yara 8 masu alamun aka aika ɗakin gwaji a Jamus. Sakamakon ya nuna dalma tsakanin maikirogiram 168 zuwa 370 a kowace desilita ta jini. A wancan lokacin daga 10 ake cewa yaro ya shiga haɗari, a 45 ake fara ba da maganin fitar da dalma.

Wannan shi ne tsari mafi sauƙi kuma mafi rauni: a tattara bayanin marasa lafiya kaɗan masu alamu iri ɗaya. Amfaninsa ankarar da hukuma, kuma ya yi hakan. Sai dai babu kowa a ɗaya gefen. Yaran 8 an zaɓe su ne don suna da alamun ciwon, saboda haka ba su iya faɗa mana halin da sauran yaran ƙauyen ke ciki, ko yawan gidajen da abin ya shafa.

A watan Mayu, tawagar hukumar CDC ta Amurka tare da ma'aikatun lafiya na tarayya da na jiha, da hukumar lafiya ta duniya WHO da MSF, ta shiga ƙauyukan Dareta da 'Yargalma gida-gida. An zagaya gidaje 119. A kowane gida an ƙirga duk yaron da bai kai shekara biyar ba wanda ya zauna a gidan cikin wata 12 da suka wuce, mai rai da wanda ya rasu. An yi wa iyaye tambayoyi kan aikin dutse da ruwan sha. An ɗebi jini. An auna ƙasar tsakar gida da na'urar hannu mai karanta yawan ƙarfe a ƙasa. Cikin yara 463, an samu 118 sun rasu a shekarar, kashi 25 cikin ɗari ke nan, kuma kashi 82 na waɗanda suka rasu sun yi jijjiga kafin cikawa. Cikin 345 da suka rage an auna jinin 204. Dukkansu sun kai 10, kuma 198 daga ciki sun kai 45 ko sun wuce. Kashi biyu cikin uku na gidajen a cikinsu ake sarrafa dutsen.

Binciken lokaci guda ke nan: a shiga al'umma cikin 'yan kwanaki, a auna cuta da abin da ake zargi a tare. Kashi 25 ɗin kansa yana buƙatar abin kwatance. Binciken lafiya na ƙasa na 2008 ya ƙiyasta cewa a Arewa maso Yamma yara 217 cikin 1,000 ba sa kai shekara biyar. Mai gaggawa zai ce ai 217 da 250 ba su da nisa, ashe mutuwar da aka saba ce. Ba haka ba ne. Adadin 217 mutuwa ce da ake tarawa a tsawon shekara biyar na rayuwar yaro, wadda in an baje ta ba ta wuce kashi 4 zuwa 5 cikin ɗari a shekara. Kashi 25 kuwa a shekara guda aka yi shi. Ninki biyar ke nan ko kusa da haka. Irin wannan ruɗanin, na haɗa adadi biyu da ba a kan tsawon lokaci ɗaya aka auna su ba, yana cikin abin da ya fi yawa a rahotannin da ke yawo.

To amma binciken yana da ramukan da ya kamata mai karatu ya sani. Na farko, ba a ɗibar jinin mamaci. Yaran 204 da aka auna su ne waɗanda suka tsira, saboda haka duk munin sakamakon, mai yiwuwa ya gaza ainihin abin da ya faru. Don a danganta mutuwa da dalma sai da aka koma ga abin da za a iya aunawa bayan rasuwa: yawan dalma a ƙasar gidan da yaron ya zauna, da ko uwarsa na aikin dutsen da hannunta. An kuwa samu haɗarin mutuwa ya fi yawa ga 'yan ƙasa da shekara biyu, da waɗanda uwayensu ke aikin, da gidajen da ƙasarsu ta fi dalma, da masu shan ruwan rijiyar gari. Ukun farko sun dace da abin da aka sani: yaro mai rarrafe yana kai hannu baki, kuma hanjinsa na tsotsar dalma ninki huɗu zuwa biyar na babba. Na huɗun shi ke nuna iyakar tsarin. Binciken lokaci guda ba ya iya rarrabe ko rijiyar ce ke ɗauke da gubar, ko kuwa gidajen da ke ɗibar ruwanta sun haɗu a wani abu dabam, kamar kusanci da wurin wankin dutse.

Na biyu, cikin yaran da aka auna babu ko ɗaya da dalmar ba ta taɓa ba. Ba a samu rukunin masu tsabtataccen jini da za a kwatanta da su ba, sai dai a kwatanta mai yawa da mai ƙasa da shi. Wannan ma hujja ce mai ƙarfi in aka ga haɗari na hawa yayin da gubar ke hawa, amma tana buƙatar awo mai kyau, kuma a nan aka gamu da matsalar na'ura. LeadCare II, ƙaramar na'urar da ake auna jini da ita a filin aiki, ba ta karanta abin da ya wuce 65. Yaro mai 70 da mai 300 duk saƙo ɗaya take nunawa, cewa ya yi sama. In aka rubuta 65 ga kowannensu, matsakaicin da za a fitar ƙarya ne. Mafita ita ce a sirka jinin da wani jini mai ƙarancin dalma a kan ma'auni sananne, a sake aunawa, a ninka, sannan a riƙa aika wani kaso ɗakin gwaji don tabbatarwa. Haka kuma jinin tsinin yatsa a garin da ƙura ke ɗauke da dalma yakan ba da adadi fiye da gaskiya in ba a wanke hannun da sabulu sosai ba. Jinin jijiya ne abin dogaro.

Na uku ya shafi bakin mai ba da amsa. In aka tambayi uwa "yaranki nawa?", sau da yawa ba za ta sa ɗan fari a lissafi ba saboda kunya, jaririn da ya koma kafin suna kuwa ba a cika ambatonsa ba. Mai tambayar da ta san aiki takan fara da "haihuwa nawa kika yi?", sannan ta bi su ɗaya bayan ɗaya: yana raye, ko ya rasu, yaushe. Shekarun yaro ba a samun su daga takarda, sai a yi amfani da jerin lokutan da kowa ya sani: kafin azumi ko bayan babbar sallah, lokacin shuka ko kaka. Kuma dole masu tambayar su zama mata, don gidajen ba shiga ne. Tawagar maza zalla za ta ƙare a zaure tana karɓar amsar maigida kan abin da ba shi ne ke yi ba. Akwai kuma tsoro. Wanda abincinsa ya dogara da zinare ba zai yi saurin cewa ana niƙa a gidansa ba, balle a lokacin da gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a jihar, daga 2019 zuwa 2024. Na'urar auna ƙasa ita ce ke gyara wannan, don ba ta dogara da abin da aka faɗa ba.

Wa za a auna, kuma mutum nawa?

A Oktoba da Nuwamba na 2010 an faɗaɗa neman ƙauyukan da abin ya shafa ta hanyar tambayar masu sarauta da masu haƙa: ina kuma ake wannan aikin? Kowane ƙauye ya nuna na gaba. An lissafa ƙauyuka 131, an kai ga 74. Tsarin ya dace da manufarsa, wato a gano inda yara ke buƙatar magani da sauri. Amma ba a iya ɗaukar abin da aka samu a ce shi ne halin Zamfara, tunda da gangan aka bi inda ake zargi. Mai sayen gero a kasuwa ba ya yanke farashi da abin da ke bakin buhu, sai ya zura hannu ƙasa. Wanda ke son adadin da zai wakilci ƙaramar hukuma ko jiha dole ya bar ƙuri'a ta zaɓar masa ƙauyuka daga cikakken jeri, babban ƙauye ya fi ƙarami damar fitowa gwargwadon yawan jama'arsa, sannan a kowane ƙauye a lissafa gidaje a sake jefa ƙuri'a.

Lissafin yawan mutane ba shi da wuya. In ba a san yawan cutar ba ana ɗaukar kashi 50, a nemi kuskuren da bai wuce maki 5 sama ko ƙasa ba da tabbacin kashi 95; wannan yana ba da mutum 384. Inda ake tuntuɓe shi ne a manta cewa yaran ƙauye ɗaya suna kama da juna: rijiya ɗaya, fadama ɗaya, sauro ɗaya. Yaro na 20 a ƙauye ba ya ƙara wani sabon bayani sosai. Ana gyara wannan da ninki: a cire ɗaya daga yawan yaran da za a ɗauka a kowane ƙauye, a ninka da ma'aunin kamanceceniyarsu, a ƙara ɗaya. A ce ma'aunin 0.05 ne, ana ɗaukar yara 20: ninkin ya zama 1.95, ana buƙatar yara 749 a ƙauyuka 38. In aka rage zuwa yara 10 a ƙauye, ninkin 1.45 ne, yara 557 sun isa, amma a ƙauyuka 56. Yara sun ragu, man fetur da kwanakin tafiya sun ƙaru. Sai kuma a ƙara kashi 10 don waɗanda ba za a samu a gida ba.

A Zamfara ta yau babbar barazanar wannan tsari rashin tsaro ne. Ƙuri'a ta faɗa kan wani ƙauye a cikin dajin Maru ko Zurmi, tawaga ba ta iya shiga, sai a maye gurbinsa da na bakin titi mai asibiti a kusa. In an yi haka sau goma cikin arba'in, sakamakon ya zama na wuraren da mota ke zuwa. Ba laifi ba ne a kasa shiga. Laifin shi ne a ƙi rubuta ƙauyuka nawa aka bari da dalili. Ga kuma jerin jama'ar da ake zaɓe daga cikinsa: hasashe ne daga ƙidayar 2006, alhali garuruwa sun watse, wasu kamar Gusau da Anka sun cika da 'yan gudun hijira.

Waiwaye da bibiya

In annoba ta ɓarke ana neman tushenta cikin mako guda, binciken waiwaye ake yi. A fara da waɗanda suka kamu, a nemo makamantansu da ba su kamu ba, a waiwaya a ga me ya bambanta su. A ce amai da gudawa sun ɓarke a wata unguwa. An samu marasa lafiya 60, aka haɗa kowanne da lafiyayyu biyu, 120 ke nan. Cikin marasa lafiyar 45 sun sha ruwan wata rijiya, 15 ba su sha ba. Cikin lafiyayyun 40 sun sha, 80 ba su sha ba. A ninka 45 da 80, a raba da 15 sau 40: 3,600 a raba da 600, ya ba da 6. Alaƙar rijiyar da cutar ninki shida ce. Abin da lissafin ba ya bayarwa shi ne kashi nawa na masu shan rijiyar ne suka kamu, don mu ne muka ƙayyade yawan kowane rukuni da hannunmu.

Duk ingancin aikin yana ga zaɓen lafiyayyun. In aka ɗauko su daga gida ɗaya da maras lafiya, randa ɗaya suke sha, bambancin da ake nema ya ɓace. In aka ɗauko su daga wata unguwa mai famfo, komai nasu ya bambanta, sai a ɗora wa rijiya laifin talauci. Abin da aka saba shi ne maƙwabci mai shekaru kusa, a tsallake gida biyu ko uku bisa ƙa'idar da aka rubuta tun kafin a fita. Ƙara lafiyayyu yana ƙara ƙarfin lissafi har zuwa huɗu ga kowane maras lafiya. Bayan nan wahala ce kawai. Kwalara na bayyana daga 'yan sa'o'i zuwa kwana biyar bayan shigarta, don haka kwana biyar ɗin kafin fara ciwo ake tambaya, kuma ranakun nan dai za a tambayi lafiyayyen. Mai jinya ya riga ya kwana yana tunanin abin da ɗansa ya ci. Maƙwabcinsa bai yi ba. Wannan kaɗai na iya kumbura alaƙa.

An yi amfani da wannan tsari wajen auna maganin kariyar maleriya na damina, wanda WHO ta amince da shi a 2012: ana ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 haɗin magani biyu sau ɗaya a wata a lokacin ruwa. A shirin da aka faɗaɗa shi a ƙasashe bakwai a 2015 da 2016, wanda a Nijeriya ya shafi Sakkwato da Zamfara, an riƙa ɗaukar yaron da gwaji ya tabbatar yana da maleriya a asibiti, a nemo yara biyu a unguwarsu, a duba yaushe kowanne ya sha maganin. Kariyar ta kai kashi 88 a kwana 28 na farko, ta sauka zuwa kashi 61 daga kwana 29 zuwa 42. Adadi na biyun shi ne mai amfani ga mai tsara aiki: jinkirin mako biyu wajen zagaye na gaba ba ƙaramin abu ba ne.

Binciken bibiya kuwa yana tafiya gaba ne: a rubuta mutane tun kafin sakamako, a bi su. MSF ta yi nazarin bayanan yara 1,156 da suka karɓi zagayen magani 3,180 na DMSA, ƙwayar da ke kama dalma a jini ta fitar da ita ta fitsari, daga Yunin 2010 zuwa Yunin 2011. An ga dalmar ta fi sauka ga yaran da aka kwantar, da waɗanda ma'aikaci ke ba su maganin yana kallo. Abin ya yi ma'ana, amma a lura da wa ake kwantarwa: wanda jininsa ya fi yawan dalma, kuma kwanciyar ta raba shi da ƙurar gidansu na makonni. Likita ne ya zaɓi wanda zai samu wane irin kulawa, bisa tsananin ciwo, don haka rukunonin ba daidai suka fara ba. Ana rage wannan da lissafi, a kwatanta yara masu shekaru da matakin farawa iri ɗaya, amma lissafi ba ya gyara abin da ba a rubuta ba. Ranar awo ma tana da tasiri. Dalma na taruwa a ƙashi, bayan an gama magani takan komo jini, shi ya sa awon ranar gamawa ya fi na bayan mako biyu kyan gani. Sai matsalar ɓacewa: iyalin da suka ƙaura ko suka daina zuwa ba lalle su yi kama da waɗanda suka ci gaba ba.

Ƙuri'a, da inda ba ta halatta ba

Hanya ɗaya ce ke daidaita rukunoni biyu har a abubuwan da ba a sani ba: a bar ƙuri'a ta raba su. Kwamfuta ta fitar da jerin, a rufe shi a ambulan da ba a ganin cikinsa ko a ajiye shi wurin wanda ba ya ganin marasa lafiya. Rabon "yau magani, gobe babu" ba ƙuri'a ba ne, domin ma'aikaci mai tausayi zai riƙe yaron da ya fi jin jiki zuwa ranar magani. Rukuni na biyu a ba su ƙwaya mai kama da ta gaske wadda babu magani a cikinta, kada iyaye ko mai awo su san wace ce wace. A ƙarshe a lissafa kowa a rukunin da ƙuri'a ta sa shi, ko ya sha ko bai sha ba.

An yi wa DMSA irin wannan gwaji a Amurka, aka fitar da sakamako a 2001: yara 780 masu dalma tsakanin 20 da 44. Maganin ya sauke dalmar jini, amma bayan shekara uku babu bambanci a gwajin fahimta da ɗabi'a tsakanin rukunonin. Da sauka a jini kawai aka auna, da an ce an yi nasara. Ba za a ɗauki wannan sakamako a ce maganin bai da amfani a Dareta ba, domin can yara na mutuwa ne da adadin da ya haura 100, kuma abin da ake nema shi ne ceton rai. Ba kuma za a maimaita gwajin a can ba: babu kwamitin ɗa'a da zai yarda a hana yaro mai jijjiga magani don a samu abin kwatance. Ƙuri'a na halatta ne inda masana da gaske ba su san wanne ya fi ba, tare da yardar iyaye bayan bayani a harshensu. Arewa ta san abin da rashin wannan ke jawowa tun gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara a Kano a annobar sanƙarau ta 1996.

In abin da za a gwada na gari ne gaba ɗaya, ƙauyuka ake rabawa ba mutane ba. Gwajin MORDOR ya raba al'ummomi 1,533 a Nijar da Malawi da Tanzaniya, ana ba yara azitiromaisin, wani maganin ƙwayoyin cuta, ko maganin da ba komai a cikinsa sau biyu a shekara. Mutuwar yara ta ragu da kashi 13.5 a jimla. A Nijar, inda aka yi shi a yankin Dosso maƙwabciyar Kebbi, kashi 18.1, a Malawi 5.7, a Tanzaniya 3.4. Magani ɗaya, tsari ɗaya, sakamako uku. Ga mai tsara manufa a Birnin Kebbi, na Dosso ne ya fi kusa da halinsa.

Yawancin shirye-shiryen gwamnati da na ƙungiyoyi ba a yi musu ƙuri'a, sai a koma ga "kafin" da "bayan". A aikin tsabtace ƙauyuka takwas na Zamfara, wanda aka kammala da ƙauyen Bagega a 2013, an kankare saman ƙasar gidaje aka kwashe fiye da kubik mita 27,000, aka zuba sabuwa. Rahoton masu aikin ya nuna matsakaicin dalma a jinin yara ya sauka daga 149 zuwa 15 cikin shekara huɗu. Sauka irin wannan ta fi ƙarfin a ce sa'a ce. Abin da adadin ba ya iya rabawa shi ne kason kowane aiki, tunda kwashe ƙasa da magani da fitar da injinan niƙa bayan gari duk tare suka gudana. A nan girman canjin ya rufe raunin tsarin. In canjin kashi 15 ko 20 ne, ba ya rufewa.

Dalilai uku ke lalata irin wannan kwatance. Ana kai shiri ne inda abu ya yi tsanani, kuma shekarar da ta fi muni bisa al'ada mai sauƙi ke bin ta ko ba a yi komai ba. Damina ba ta zuwa iri ɗaya, maleriya kuma ruwa take bi. Sannan rajistar asibiti tana ƙirga masu zuwa ne, ba masu ciwo ba: a mayar da magani kyauta adadi ya tashi, a rufe asibitoci uku saboda 'yan bindiga adadi ya faɗi, wani ya rubuta cewa cuta ta ragu. Gyara mafi sauƙi shi ne a samo yanki makamanci da shirin bai je ba. A ce a inda aka yi shiri masu maleriya sun sauka daga 1,000 zuwa 700, a ɗayan daga 900 zuwa 720. Kashi 30 da kashi 20 ke nan. Abin da za a jingina wa shirin bai wuce tazarar da ke tsakani ba. Wannan ma sai an duba bayanan shekara biyu ko uku na baya an ga yankunan suna hawa da sauka tare. In kuwa dama shirin ba zai isa ko'ina lokaci ɗaya ba, sai a jefa ƙuri'a kan wa zai fara: kowa zai samu a ƙarshe, waɗanda layi bai zo kansu ba su zama abin kwatance. Senegal ta yi haka da maganin damina a cibiyoyin lafiya 54 daga 2008 zuwa 2010. Ba ya cin ƙarin kuɗi mai yawa, kuma a ganina ya fi adalci a kan barin mai faɗa a ji ya ja shiri zuwa mazaɓarsa.

Kebbi na gaban irin wannan tambaya yanzu. Binciken ƙasa na 2018 ya samu ƙwayar maleriya a jinin kashi 52 na yaranta 'yan wata 6 zuwa 59, na 2021 ya samu kashi 49, mafi yawa a ƙasar duka sau biyun. Shi ya sa aka fara allurar rigakafin maleriya ta R21 da ita da Bayelsa a Disambar 2024, ana yi wa yaro yana ɗan wata 5 da 6 da 7 da 15. Gwajin ƙuri'a na yara 4,800 a Burkina Faso da Mali da Kenya da Tanzaniya ya nuna kariyar kashi 75 a shekarar farko a wuraren da maleriya ke bin damina, inda aka daidaita allurar da gabatowar ruwa. Ko haka za a samu a Bagudo ko Argungu, inda ake bin shekarun yaro kuma wasu ba za su dawo allura ta huɗu ba, wata tambaya ce dabam. Kwatanta Kebbi da wata jiha ba zai wadatar ba, tunda an zaɓe ta ne don babu kamarta, ga gidan sauro da maganin damina suna gudana tare da allurar.

Abin da ya rage shi ne waiwaye a cikin jihar: yaro mai zazzaɓi da madubin gwaji ya tabbatar, da sa'anninsa na unguwa, a duba katin kowanne. Gwajin gaggawa na tsinke kaɗai ba ya isa, don yakan ci gaba da nuna cuta makonni bayan an warke. Dole ranar kowace allura ta fito daga kati ko rajista, ba daga tunawar uwa ba. Kuma gidan da ya kai yaro allura huɗu mai yiwuwa shi ne gidan da ke kusa da asibiti, mai gidan sauro, mai halin sayen magani. Ana gwada girman wannan son kai da dabara ɗaya: a yi lissafin nan dai da allurar ƙyanda, wadda ba ruwanta da maleriya, a yaran da suka girme wa shiga shirin R21. In ita ma ta fito kamar tana kariya da kashi 20, to wannan kashi 20 na irin gidan ne, kuma da shi za a karanta adadin da aka samu wa R21.